Gurbin Heso a Layin Jirgin Ruwa

Hasan ne sunansa na yanka, amma duk yankinmu na Bima Heso ake ce masa, kamar yadda ake ce mini Mo'i alhali Isma'ila aka raɗa mini. Ya girme ni da 'yan shekaru, saboda haka Sa'e nake kiransa, wato yaya. Shekara ashirin da ɗoriya muka yi muna bin hanya ɗaya, kowa da motarsa: mu ɗauki shanun layya daga garuruwanmu, mu ratsa tsibirinmu na Sumbawa, mu haye zuwa tsibirin Lombok, mu jira babban jirgin ruwan da zai kai mu Jawa, daga nan mu miƙe zuwa Jakarta. Abin da zan faɗa game da shi na gan shi da idona, wanda ban gani ba kuwa daga bakinsa na ji.

Makiyayi ne kafin ya zama direba. A kan tudu aka haife shi, inda masara ce ta safe kuma ita ce ta dare, ya tashi yana kora shanun ubansa, jajayen nan masu fararen ƙafafu irin namu. Da ya tasa sai ya zama karen mota a wajen wani mai fataucin albasa, ya koyi tuƙi a filin lodi duk lokacin da maigidan ya tafi cin abinci. Daga baya ya sayar da gonar gadonsa, ya haɗa da abin da ya tara, ya sayi tsohuwar babbar mota mai shuɗin fenti. Ba shi da wata dukiya a duniya sai ita.

Yawancin direbobi suna ɗaukar sa kamar yadda suke ɗaukar buhu. Heso ba haka yake ba. Shi yake shimfiɗa bambaron shinkafa a ƙasan motar da hannunsa, shi yake ɗaure kowane sa da gajeriyar igiya, domin sa a mota ba ya kwanciya. Wanda ya kwanta, 'yan'uwansa za su tattake shi kafin a ankara. Ba ya ɗora bene na biyu, ba ya cusa ƙari ko da mai shanun ya yi masa magiya. Beko, abokinmu mai dogon baki, ba ya gajiya da tsokanarsa a kan haka.

"Heso, mota ce wannan ko otal? Saura ka sa musu fanka da talabijin."

"Kai dai ka ƙirga naka idan mun isa," in ji Heso. "Bara nawa ka bari a hanya?"

"Biyu ne kacal, kuma su suka zaɓi mutuwa, ban roƙe su ba."

A duk tsawon shekarun nan dabba ba ta taɓa mutuwa a motarsa ba. Magana ce da kowa ya sani a kasuwar shanu, cewa motar Heso ba ta zubar da mushe. Shi ya sa masu ƙaramin ƙarfi suke nemansa, mutanen da sa ɗaya suke da shi, wanda suka yi shekara biyu suna yankar masa ciyawa don su rufa ɗaki ko su sa ɗa a makaranta. Irin waɗannan ba sa iya jure asarar ko guda. Abu biyu suke damƙa masa amana a kai: san ya isa da rai, kuma ya isa kafin Babbar Sallah, lokacin da mutanen birni ke saye da daraja. Wannan amanar ita ce abincin gidan Heso.

A shekarar da nake magana teku ta yi fushi, kuma ɗaya daga cikin jiragen ya lalace. Da muka iso tashar da ke yammacin Lombok, sai muka tarar layin motoci ya fito daga ƙofa, ya bi gefen titi, ya zarce ƙauyuka har ya ɓace a bayan wani tsauni. Muka shiga wutsiya, Heso a gaba, ni a bayansa, Beko a bayana. Kullum ana matsawa tsawon motoci kaɗan, sai a tsaya. Babu inuwa. Da hantsi ya ɗaga, jikin mota yakan yi zafin da ba a iya dafa shi, shanun kuwa suna ciki suna haki, harshe a waje. Ciyawar da muka taho da ita ta ƙare, ruwan durom ya ƙare. Mutanen ƙauyen da ke kusa suka fara kawo ruwa a jarka bisa babur, suna sayarwa da tsadar man fetur, kuma ko shi ba ya kaiwa ga kowa, don rijiyoyinsu ma sun ja baya.

Bayan 'yan kwanaki aka kafa rumfar agaji a kusa da inda muke. Wata tsohuwar malamar makaranta ce ke jagorantar matan rumfar, Ibu Mahnim, wato Inna Mahnim, 'yar garin, mace mai kirki da ba zan yarda a zage ta a gabana ba. Safe da yamma suna bin layi da kwanduna, kowane direba ƙunshin shinkafa da ɗan kifi da yaji, da kofin ruwa na roba mai liƙaƙƙen murfi guda biyu. Akwai mai auna jini, akwai ƙwayar ciwon kai. Mun ci, mun gode, domin wasunmu kuɗin guzurinsu ya riga ya tafi a ruwan shanu.

Mai auna jinin ya naɗe hannun Beko, ya ce jininsa ya hau. Beko ya ce, "Likita, ai ni lafiyata lau. Ga masu jinya can ashirin a bayan mota, ka je ka auna su. Ko sai sun nuna maka lasin tuƙi?"

Matan suka yi dariya. Heso bai yi ba. Ya karɓi kofunansa biyu, ya ɓula su, ya juye a kwalba, ya hau motar ya ɗura wa wani ɗan bijimi da ya fara rufe ido. Ibu Mahnim ta tsaya tana kallonsa daga ƙasa.

"Malam direba, naka ne fa na sha. In ka faɗi wa zai tuƙa su?"

"Ibu, Allah ya saka da alheri. Amma ni zan kwana biyu ban sha ba in rayu. Abin da muke buƙata tanka ce. Tankar ruwa guda, ko sau ɗaya a yini."

"Na faɗa wa mutanen ofis, ɗana. Sun ce abin da aka ware na direbobi ne, dabbobi kuma na wani ofishin ne. Na je wancan ofishin, sun ce sai mai sa hannu ya dawo."

"To ki sake zuwa, don girman Allah."

"Zan koma. Gobe ma zan koma."

Kuma ta koma. Kullum ta zo da kwandonta sai Heso ya tambaye ta, kullum sai ta sunkuyar da kai.

Daga nan mutuwa ta shigo layin. Ana jin wani ya ƙwalla kira a kawo wuƙa, sai a ruga a yanka san kafin rai ya fita, don kada ya zama mushe. Mahautan garin suna zagayawa a kan babura kamar ungulu, suna tayawa da abin da ba zai sayi tunkiya ba. Beko ya rasa ɗaya, ya daina raha na rabin yini. Ni ma na rasa ɗaya.

Wata safiya na tarar da Heso a cikin motarsa, ya sa kafaɗa a ƙarƙashin ƙirjin wani sa da ya durƙusa, shi da Haji Yasin, dattijon da masu shanun suka wakilta ya rako dabbobinsu. Da ƙyar suka miƙar da shi. Heso ya sauko, rigarsa sharkaf da gumi da yawun dabba, ya ce mini, "Mo'i, zan fita."

"Ka fita ina, Sa'e?"

"Akwai kogi ta arewa, inda masu yashi ke lodi. Suna da tudun da zan jingina mota in sauke su. Su sha, su tsaya cikin ruwa, su ci ɗanyar ciyawa. Kafin la'asar na dawo."

"In jirgi ya zo fa?"

"Wane jirgi? Tun yaushe ake cewa gobe? In na ƙara yini a nan, uku za su kwanta, na gani a idonsu." Ya juya wajen dattijon. "Haji, me ka ce?"

Haji Yasin ya daɗe yana murza hularsa. "Gaba kura, baya sayaki. Kai ka san hanya, Heso. Amma gurbinmu?"

"Zan ajiye taya."

Da ya faɗi haka hankalin kowa ya kwanta, har da nawa. Tun zamanin ƙananan jiragen katako, idan direbanmu zai bar layi don wata lalura, sallar Juma'a ko gyara ko jana'iza, sai ya kwance safayar tayarsa ya kwantar da ita a gurbinsa, ya ɗora zanensa a kai ya danne da dutse. Ba mai tsallake ta. Idan layi ya matsa, na bayansa ne zai gangara ta gaba. Ban taɓa jin an yi gardama a kan taya ba, ko tsakanin mutanen da ba sa ga maciji da juna. Heso ya kwantar da tasa, ya ɗora zanensa mai ratsin ja wanda matarsa ta saƙa, ya ja motar a hankali ya fita.

Rana ta take tsaka sai muka ji oda da ihu daga ƙasan layi. Tanka ce. Ibu Mahnim tana zaune a gaba kusa da direban, tana ɗaga hannu kamar amarya. Titin siriri ne, motocinmu sun cinye gefe ɗaya, motocin gari suna bin ɗaya gefen, babu inda tanka za ta tsaya ba ta toshe hanya ba. A duk tsawon wurin nan fili ɗaya ne tak, daidai tsawon babbar mota. Yaran tankar suka diro, suka ɗaga tayar suka gangara ta cikin kwata, zanen ya bi ta.

Na sha gabansu ina cewa gurbin mutum ne. Beko yana ihu, "Kai, ku ba ku da iyaye ne? Taya ce fa!" Suka dube mu kamar mahaukata. Su mutanen Lombok ne, taya a wajensu taya ce. Kafin mu rufe baki mutane sun yi caa da bokitai da jarkoki, ana ture juna, ruwa na zuba a kwalta. Wa zai tsaya tsakanin dabba mai mutuwa da ruwa? Na shiga kwatar na fito da tayar, na jingina ta a jikin tankar, na karkaɗe zanen na mayar.

Ana cikin haka wani ma'aikacin tasha ya iso da alli a hannu da 'yan sanda biyu. Ya ce an gyara jirgi, yana nan tafe, kuma daga yau an daina shiga da ƙarfi ko da sanayya. Masu agaji ne suka matsa a yi wannan tsari, don sun ga yadda manyan 'yan kasuwa ke tsallake talakawa, kuma gaskiya tsari ne mai kyau. Duk motar da ke tsaye za a rubuta mata lamba a gilashi, da lambar za a shiga. Ya rubuta wa ta gaban tankar, ya zagayo ya nufo tawa.

"Ranka ya daɗe, akwai mota a nan," na ce. "Ga tayarta."

"Ina motar?"

"Ta kai shanu shan ruwa. Yanzu za ta dawo. Ka rubuta lambar a jikin tayar."

"Taya zan loda a jirgi? Baba, mota nake ƙirgawa."

"Duk wanda ke nan shaida ne. Tun ranar farko yake gabana."

"In na ba taya lamba yau, gobe kowa zai ajiye takalminsa ya tafi gida barci. Matsa in yi aikina."

Na kira Heso a waya. Ina jin ƙarar ruwa da kukan shanu a bayansa, muryarsa kuma wasai, irin wadda na kwana biyu ban ji ba. Na gaya masa. Ya ce shanun duk suna ƙasa, sun cika ciki, kuma san da ya sha bayan doguwar ƙishirwa ba a kora shi tudu nan take. Ya ce yana zuwa.

Bai iso ba sai bayan la'asar. Tankar ta tafi, an matsar da mu, gurbin ya rufe. Ya tsaya a gefen titi, shanunsa suna sheƙi, suna tuƙa, hancinsu da danshi. Ibu Mahnim ce ta fara rugowa wajensa, fuskarta cike da murna, don ba wanda ya gaya mata komai.

"Ɗana, ina ka shiga? Tankarka ta zo! Na ce musu ba zan bar ofishin ba sai da ita."

"Na ji, Ibu. Allah ya biya ki."

Beko ne ya gaya mata inda tankar ta tsaya. Na ga murnar ta zube daga fuskarta. Ta kama hannun ma'aikacin ta jawo shi, ta ce laifinta ne, ita ta nuna wa direban filin, ba ta san ma'anar tayar ba. Mutumin ya fara sassautowa, har ya ciro allin. Amma direbobin da ke baya, mutanen wasu garuruwa da ba su san Heso ba, suka taso.

"Ba mu yarda ba! Mu da muka zauna a rana muna yanka dabbobinmu, mu ne wawaye?"

"Ya je ya yi wa nasa wanka, ya dawo zai shiga gabanmu? Dubi yadda suke ƙyalli!"

"In ya shiga, wallahi ba motar da za ta motsa!"

Wanda ya fi ɗaga murya wani ne da jini bai bushe a wandonsa ba, ya yanka biyu a ranar. Ban iya ganin laifinsa ba, ko da yake na so in gani. Ma'aikacin ya mayar da allin aljihu, ya ce da Heso ya koma wutsiya, wataƙila jirgi na gaba ba zai daɗe ba.

Heso bai yi musu da kowa ba. Ya ɗauki tayarsa ya ɗaure a mazauninta, ya ninke zanen. Ibu Mahnim ta miƙa masa ƙunshin shinkafa da kofuna huɗu maimakon biyu. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya. Na ce zan ba shi lambata in koma baya, ya ce, "Kai ma amanar mutane ka ɗauko, Mo'i. Shiga." Ya juya motar ya bi layin ƙasa, Haji Yasin yana zaune a saman kan motar ya rufe fuska da hula.

Mu mun isa Jakarta ana saura kwana biyu Sallah. Saboda ƙarancin shanu a shekarar, farashi ya yi sama, har wanda ya rasa uku a hanya ya fita da riba. Beko ya dawo da sabon babur.

Heso kuwa a kan teku ya ji kabarbarin Idi ta rediyon jirgi. Da ya shiga birnin kwanakin yanka sun wuce, masu sayarwa suna kwance rumfunansu. Shanunsa duka suna da rai, ba wanda ko ɗingishi yake yi. Haji Yasin ya yi ta yawo da su daga mayanka zuwa mayanka, a ƙarshe aka saye su a farashin nama, aka cire kuɗin mota da na ciyawa, abin da ya rage bai kai abin da za a samu ba da an sayar da su a gida.

Ba wanda ya zage shi da ya dawo, mutanenmu ba haka suke ba. Sun zo sun yi masa sannu da hanya, sun sha kofi a barandarsa, sun ce haka Allah ya rubuta. Amma ɗakunan da za a rufa ba a rufa ba, kuma da shekara ta zagayo sai kowa ya sami dalili. Wannan ya ce surukinsa ya sayi mota, wancan ya ce bana ba zai aika ba, alhali an ga sansa a motar Beko. Heso ya koma dakon gishiri da albasa a cikin tsibiri, aikin da ba ya sayen taya, balle gyaran inji. Da injin ya buga bai tashi ba. Motar tana bayan gidansa, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta.

Rumfar agaji kuwa ta zama ta kowace shekara. Yanzu akwai tanka wasu ranakun, akwai wurin wanka, har da mai tausa. Jirgin dai ba a ƙara ba, layin kuma bara ya wuce tsaunin nan da nisa. Ibu Mahnim ta daina zuwa, an ce ƙafa ta hana ta.

Bana, ranar da nake lodi a kasuwar shanu, na hango shi zaune a kan katangar tudun lodi yana shan taba mai kanumfari, ya rame, gashinsa ya yi fari fat. Yakan zo ya yi kallo. Na je na gaishe shi, na zauna kusa da shi. Na ce masa labari ya zo cewa layin ya riga ya fara, kuma cikin shanun da aka ba ni akwai ƙanana da ban amince da ƙarfinsu ba. Na tambaye shi ko kogin nan yana nan, ko masu yashin za su bar ni in yi amfani da tudunsu.

Ya daɗe yana kallon shanun da ake turawa cikin motata. Ya nuna wani da yatsa ya ce igiyarsa ta yi tsawo, na sa aka gyara. Sa'an nan ya ce, "Ka ɗora bene na biyu. Ka ƙara uku a kan abin da ka saba."

"Sa'e, za su matse ai."

"Za su matse. Ukun nan ka ɗauka sun mutu tun daga gida, ka gaya wa masu su haka. Ka wasa wuƙarka, ka ajiye ta kusa. Kuma kome ka gani a idonsu, kada ka bar layi."

Ya taka guntun tabar da ƙafa, ya sauka daga katangar, ya ce zai je ya taya ni zaɓen ukun.